Naushin da Ba a Ƙirgawa: Sharhi Kan Sana'ar Dambe

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, kamar sauran ƙasar Hausa, dambe yana da lokacinsa. Sai an yanke gero, an girbe dawa, rumbu ya cika, sanyin hunturu ya fara saukowa, sannan ake jin kalangu na tashi a bakin kasuwa da la'asar sakaliya. Tun asali wasan mahauta ne. Rundawa ke bin garuruwa da kaka, su yi yanka su sayar wa manoman da aljihunsu ya yi nauyi, da yamma kuma samarinsu su shiga fage da samarin masu masauki, sarkin fawa na zaune yana sa ido. Da damina ta kawo kai, kowa ya kwance zare ya koma gona ko mahauta. Hannu ya huce, haƙarƙari ya ɗinke, kai ya huta wata da watanni. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan hutu saboda lafiya, amma ya yi wa kakanninmu aikin da likita zai yi musu.

Yaro ba ya wayar gari ya zama ɗan dambe. Da riƙon jaka da buta yake farawa, yana kallon yadda ake ɗaure wa ubangidansa hannu, yana shiga damben yara kafin manya su fito. In ya nuna zuciya, sai ubangidan ya ja shi a jiki ya laƙa masa suna. Shi ya sa sunayen fage suke tafiya kamar salsala: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, har ka ji Shagon Shagon wane, wato jika a sana'a. Duk wanda ya taɓa jin makaɗi Muhammadu Bawa Ɗan Anace yana wasa ɗan damben nan Shago ya san nauyin suna a wannan fage. Shekaru sun shuɗe da kwance zaren mutumin, amma har gobe ana kiran sunansa a rediyo da wayoyin direbobi. Sunan nan shi ne jarin ɗan dambe, kuma saboda shi ne yaro yake yarda a fasa masa baki yana dariya.

Wanda bai taɓa tsayawa kusa ya ga ɗaurin hannu ba, da wuya ya gane abin da ake sha. Ana fara naɗe dunƙulallen hannu da ƙyalle, sannan a bi shi da zare, a ja a zagaya, a ja a zagaya, daga wuyan hannu har kan gaɓoɓin yatsu, mai ɗaurin yana cije leɓe don ƙarfin ja, har sai hannun ya koma curi guda mai tauri wanda mai shi ba ya iya buɗewa. Babu auduga, babu soso. Wannan shi ne mashi. Ɗaya hannun a buɗe yake, shi ne garkuwa, da shi ake auna tazara, a ture, a riƙe. Turmi uku ake yi. Duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Wani kisan zamewa ce kawai, mutum ya miƙe yana kaɗe yashi. Wani kuwa naushi ne ya sauka a haɓa, ƙafafu suka saki, ƙato ya zube idonsa a buɗe ba ya ganin kowa. Sai yaransa su rugo da ruwa, a yayyafa, a murza masa wuya, a ɗaga shi. Makaɗi ya riga ya juya taken wanda ya yi kisa, ana ta manna masa kuɗi a goshi. Wanda aka kashe yana can gefe a zaune, yana tambayar na kusa da shi ko an fara wasan.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne dambe ya bar kaka ya shiga gida. Gidan damben Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, dandalin Ado Bayero a Sabon Garin Kano, filayen unguwannin Hausawa a Legas, da wasu da dama a manyan garuruwan Arewa, duk ana biyan kuɗin ƙofa a shiga, kuma ana sa zare rani da damina. Ɓangarorin 'yan dambe, Kudu da Arewa da Guramada, kowa da wurin zamansa da makaɗansa. Akwai damben yamma, akwai na safiyar Lahadi, akwai gasar da ake sa babur ko mota. Sannan waya ta shigo. Kisan da aka yi a Kano da la'asar, kafin isha'i an kalle shi a Gummi da Maraɗi da Jidda. Sunaye irin su Ebola da Ali Ƙanin Bello da Dogo Mai Takwasara sun kai inda ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba. Kamfanoni irin su Dambe Warriors da African Warriors Fighting Championship sun ɗauki wasan sun kai shi YouTube, inda miliyoyin mutanen da ba sa jin ko "sannu" suke kallo.

Ba ni cikin masu cewa wannan ci baya ne. Ɗan damben da ya sayi fili ya yi wa mahaifiyarsa ɗaki da kuɗin liƙi ya fi kakansa da ya tashi da riga da goro. Kuma wanda ya san halin da yammacin Zamfara ke ciki ba zai yi wa saurayin da ya zaɓi fage dariya ba. Gonakin da ke nesa da gari sun gagari noma saboda 'yan bindiga, garin Anka ya cika da mutanen ƙauyukan da aka tasa, taron dare a bakin kasuwa ya zama kasada. Saurayi mai ƙarfi a Abare ko Bagega ko Nasarawar Burkullu, me ke gabansa? Ramin zinare, ko acaɓa, ko ci-rani, ko ya rataya bindigar sa-kai. In yana da hannu, dambe ya fi yawancin waɗannan aminci. Sai dai yanzu ba a garinsu zai yi ba. Zai yi shi ne a birnin da babu kawunsa, babu sarkin fawan da ya san ubansa, babu mai ce masa "kai yaro, ya isa haka, sai baɗi." A can, ranar da bai sa zare ba ranar ce ba a sallame shi ba, kuma tuwon dare da kuɗin ɗaki ba sa jiran kai ya warke.

Ba sai an yi dogon lissafi ba. Mutumin da yake dambe ranakun kasuwa na wata biyu ko uku a shekara, da wanda yake yi kusan kullum in ban da azumi, ba naushi ɗaya suke sha ba. Amma ba mai rubutawa. Ana ƙirga kisan da mutum ya yi, makaɗi ma yana jera su a kirari. Kisan da aka yi masa, da naushin da ya shanye bai faɗi ba, waɗannan babu mai littafinsu.

Akwai ƙasar da ta riga mu faɗawa wannan rami, ta kuma fito da alƙaluma a hannu. A Kanada babu wasan da ya kai ƙwallon gora na kan ƙanƙara farin jini. Mutum shida-shida ne, a kan daskararren ruwa, da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, kowa da sandarsa, suna korar wani ɗan faifan baƙar roba zuwa raga da gudun da kan wuce kilomita 30 a sa'a. Babbar gasarsu, wadda ta haɗa Kanada da Amurka, ita ce NHL. Abin mamakin shi ne tun 1922 dokar gasar ba ta korar wanda ya yi faɗa. Mutum biyu za su yar da sanduna da safar hannu, su cakumi rigar juna, su yi ta naushi da tsurar hannu, alƙalai na tsaye suna kallo har sai ɗaya ya faɗi ko sun gaji. Hukuncin minti biyar ne kowannensu a wani ɗan keji a gefen fili, sannan su dawo. A gasar Olamfik da ta jami'o'in Amurka, faɗa kora ce nan take. NHL ta bar shi ne domin yana cika kujeru.

Daga wannan doka aka haifi wata sana'a: dogarin ƙungiya. Ba don cin ƙwallo aka ɗauke shi ba. Mafi yawan wasa yana benci a zaune. In abokan hamayya suka mangare tauraron ƙungiya, ko wasa ya yi sanyi 'yan kallo suka fara hamma, sai koci ya taɓa kafaɗarsa, ya shiga ya nemi dogarin ɗaya ɓangaren. Wayne Gretzky, wanda ake ganin ba a taɓa yin kamarsa a wasan ba, yana da Dave Semenko a bayansa a Edmonton, ƙaton da har ya yi damben nuni na turmi uku da Muhammad Ali a 1983. Da aka sayar da Gretzky ga Los Angeles a 1988, an haɗa da mai tsaronsa na lokacin, Marty McSorley, a cikin cinikin. Dave Schultz na Filadelfiya ya tara minti 472 na hukunci a kakar 1974 zuwa 1975 kaɗai, har yau ba a karya wannan tarihi ba, kuma ƙungiyarsa ta ɗauki kofin gasar, wato kofin Stanley, sau biyu a jere. Masu ƙungiyoyi suka ga abin yana biya, kowa ya nemo nasa ƙaton.

Labarin Derek Boogaard ya isa a fahimci sana'ar daga farko har ƙarshe. An haife shi a 1982 a lardin Saskatchewan, ɗan wani ɗan sanda. Yaro ne dogo mai kunya, ba gwani a wasan ba. Yana ɗan shekara 15 ya fusata a wani wasan yara ya afka wa bencin abokan hamayya, masu farautar 'yan wasa na zaune suna kallo, kuma wannan fushin ne ya buɗe masa ƙofa. Tun daga ranar ya san abin da ake so a wurinsa. Ya girma ya haura mita 2, nauyinsa kusan kilo 120. Ƙungiyar Minnesota Wild ta ɗauke shi, a 2006 ya farfasa wa wani dogari, Todd Fedoruk, ƙashin kunci da naushi, sai da aka sa masa ƙarfe a fuska. A wasa 277 da ya buga a NHL ƙwallo 3 ya ci, ya kuma tara minti 589 na hukunci. Duk da haka a 2010 New York Rangers ta ba shi kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 6.5. Kowa ya san abin da aka saya.

A watan Disamba na shekarar aka buge shi a wani faɗa a Ottawa, kansa ya jijjiga, bai sake buga wasa ba. Kafin nan ya daɗe da kamuwa da ƙwayoyin kashe zafin ciwo, waɗanda likitocin ƙungiyoyi suka yi ta rubuta masa don hannuwa da kafaɗa da bayan da suka lalace. Ranar 13 ga Mayun 2011 aka same shi ya mutu a ɗakinsa a Minneapolis, ƙwaya da giya sun haɗu a cikinsa. Shekararsa 28. Kafin ƙarshen Agustan shekarar wasu dogarai biyu suka bi shi, Rick Rypien mai shekara 27 da Wade Belak mai 35. Iyalan Boogaard suka ba da ƙwaƙwalwarsa ga masu bincike a jami'ar Boston, aka yanka aka duba, aka sami cutar da ake kira CTE, lalacewar ƙwaƙwalwa da yawan bugu ke haddasawa, kuma ta yi nisan da ba a zata ba ga mai wannan shekaru. An riga an sami irinta a kan Bob Probert, shahararren dogarin Detroit da ya mutu a 2010 yana da shekara 45. Daga baya, a 2023, masu bincike a jami'ar Columbia suka kwatanta 'yan wasan da suka yi faɗa 50 ko fiye da takwarorinsu da ba sa faɗa, suka ga a cikin waɗanda suka rasu, masu faɗan sun riga sauran tafiya da kimanin shekara 10.

Cutar ba sabuwa ba ce ga 'yan dambe. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya yi rubutu kan tsofaffin 'yan damben zamani da ke tafiya suna tangaɗi kamar sun sha. Wanda ya farfaɗo da maganar a wannan zamani kuwa ɗan Najeriya ne, Dokta Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambara da ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya kafin ya tafi Pittsburgh. A 2002 ya duba ƙwaƙwalwar wani tsohon ɗan ƙwallon Amurka, Mike Webster, ya wallafa abin da ya gani a 2005, masu kuɗin wasan suka yi masa ca suna neman ya janye. Bai janye ba. Abin takaici ne a ce ɗan ƙasar nan ne ya buɗe wa duniya ido, amma a filayen damben ƙasarsa ba a taɓa jin sunan cutar ba.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar ganewa. Ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙoƙon kai ba, tana cikin ruwa ne kamar gwaiduwa a cikin ƙwai. In naushi ya sauka a muƙamuƙi, kai ya juya da sauri, ita kuma ta makara, sai ta bugi ƙashi, siraran jijiyoyinta su miƙe su tsage. Sumar da ake gani a fage alamar wannan ce. In aka ba ta lokaci, yawanci tana farfaɗowa. In aka sake bugunta kafin ta warke, ɓarnar takan ninka, kuma a kan matasa abin ya fi muni. Sannan akwai ƙananan naushin da ba sa kayar da mutum, waɗanda 'yan kallo ke yaba masa a kansu, suna cewa wane yana da kai. Su ne suke taruwa shekara da shekaru, wani sinadari ya riƙa cushewa a ƙwaƙwalwa, sai bayan an daina dambe abin ya fito: mantuwa, saurin fushi, baƙin ciki marar dalili, nauyin harshe, rawar hannu. Har yanzu ba a iya tabbatar da CTE sai bayan mutum ya mutu an duba. A wurinmu kuwa, tsohon ɗan damben da ya fara mance hanyar gidansa ko ya riƙa dukan iyalinsa, suna uku muke da su: ko iska, ko sammun abokin karawa, ko shaye-shaye. Ba mai cewa naushi ne.

Mutanen Abare ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan ciwon da ke cin ƙwaƙwalwa ba a gani. A 2010 yara suka riƙa suma suna jijjiga suna mutuwa a Abare da Dareta da Sunke da Tungar Daji a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. An zaci zazzaɓi ne, an zaci sanƙarau. Sai da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta sa aka gwada jini aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinaren da ake niƙawa a tsakar gida. Sama da yara 400 suka rasu, wasu da suka rayu suka tashi da tawayar da ba ta warkewa. Gubar ta fito ne daga abin da ke ciyar da gida, kuma ba ta da wari ba ta da launi. Abin lura shi ne yadda aka shawo kanta. Haramta haƙar zinare bai hana kowa shiga rami ba, domin yunwa ta fi doka kusa. Abin da ya rage mutuwar shi ne an kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, an fitar da niƙa bayan gari, an koya wa masu aiki su jiƙa dutse su wanke jiki su sauya tufafi kafin su shiga gida, an kuma riƙa gwada jinin yara ana rubutawa. Sana'ar tana nan, hanyar yin ta aka gyara.

Adalci ne a faɗi inda dambenmu ya fi sana'ar dogarin Kanada. Ɗan dambe da sunansa yake faɗa, ba don a share wa wani hanyar cin ƙwallo ba, kuma kirarin nasa ne. A al'ada yana iya ƙin wanda ya nuna shi in ya ga ba sa'ansa ba ne, abin da dogari ba shi da ikon yi in koci ya taɓa shi. Yashi yake faɗawa, ba ƙanƙara ba. A 2009 wani matashi mai shekara 21 a Ontario, Don Sanderson, ya mutu ne saboda kansa ya bugi ƙanƙara a faɗa bayan hular kwanonsa ta cire. Mafi girma, dokar kisa rahama ce. A damben zamani ana ƙirga wa wanda ya faɗi goma, in ya miƙe a ci gaba da dukan kan da ya riga ya jijjiga. A namu faɗuwa ɗaya ta rufe magana. Waɗanda suka kafa wannan doka sun san abin da suke yi.

Sai dai rahamar ta yini ɗaya ce. Damben zamani yana hana wanda aka sumar shiga fage aƙalla kwana 30, wani lokaci fiye. Namu yana sallamarsa yau ya karɓe shi gobe, ko ya hau mota ya sauka wani gari inda ba wanda ya ga faɗuwarsa. Shi kansa so yake ya dawo da wuri ya wanke sunansa kafin bidiyon ya gama zagaya wayoyi. Ba kwantiragi, ba inshora, ba fansho. Kuma akwai abin da ya kamata ya tsorata mu a labarin Boogaard fiye da naushin: ƙwaya. Mutumin da dole ya yi faɗa gobe da kumburarren hannu da kai mai sarawa zai nemi abin da zai kashe zafin. Can likita ya rubuta masa, nan kuwa tiramol yana teburin mai kanti. Ban ce duk ɗan dambe yana sha ba, da yawa ba sa kusantarsa. Na ce tsarin da ba ya ba da hutu shi ke tura mutum wurin mai ƙwaya, kuma ƙwayar tana ɓoye ainihin alamun da za su ce masa ya tsaya. Labarin ya kuma nuna cewa kawo likita kaɗai bai wadatar ba. Boogaard ya fi kowa likitoci. Matsalar ita ce masu biyansu albashi su ne masu son ganinsa a fili.

Sana'ar dogari ta kusa mutuwa a NHL yanzu, amma ba tausayi ne ya kashe ta ba. A 2005 aka ƙayyade yawan albashin da ƙungiya za ta iya biya, wasan ya ƙara sauri, sai masu ƙungiyoyi suka ga asara ce a ba wa wanda ba ya cin ƙwallo kujera. Tsofaffin 'yan wasa sama da 300 sun kai gasar kotu kan ciwon kai, a 2018 aka sasanta a kan kimanin dala miliyan 19, kowa ya tashi da dala 22,000, gasar ba ta amsa laifi ba, kuma shugabanta Gary Bettman ya ci gaba da cewa ba a tabbatar da alaƙar wasan da cutar ba. Inda aka hana faɗa kai tsaye, kamar gasar matasa ta lardin Quebec a 2023, sai da gwamnatin lardin ta matsa. Wanda yake karɓar kuɗin ƙofa ba shi zai fara cewa a rage abin da ke kawo 'yan kallo ba, a Kanada ne ko a Dei-Dei.

Wasu za su ce a hana damben baki ɗaya a huta. Malamai da dama suna kan wannan, hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce, domin an hana dukan fuska a hadisi ingantacce, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta haramta damben zamani tun 1987. Ba zan yi jayayya da fatawa ba. Amma wanda ya ga yadda haramcin haƙar zinare na 2019 ya kasance a Zamfara har aka ɗage shi a ƙarshen 2024 ya san cewa sana'ar talaka in an hana ta ba ta mutuwa, ɓuya take yi inda ba mai sa ido. Yaran da ke fage yau suna can ko mun yarda ko ba mu yarda ba, kuma kansu amana ne. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki kokawa tun 1975 suka mai da ita gasar ƙasa ta takobi, da alƙalai da rajista da kyautar gwamnati. Kokawa ba ta dukan kai, gaskiya ne, amma ta nuna wasan gargajiya yana karɓar tsari ba tare da ya rasa kiɗansa ba. Kamfanonin da suka shigo dambe ma sun fara raba 'yan wasa bisa nauyi da ajiye ma'aikatan lafiya a wasanninsu, an gode musu, sai dai wasanninsu kaɗan ne a cikin dubban da ake yi a shekara.

A ganina gyaran farko ba ya bukatar kasafin kuɗi. Littafi ne da biro da waya. Duk wanda aka yi wa kisan suma, a rubuta sunansa da ranar, ya yi kwana 30 bai ɗaura zare ba, kuma masu gidajen dambe su riƙa tura wa juna sunayen, tunda duk suna da lambar juna kuma ta nan suke gayyatar 'yan wasa. Amma dokar ba za ta yi aiki ba in hutun yana nufin yunwa, domin yaron zai sauya suna ya tafi wani gari. Dole a ware wani abu daga kuɗin ƙofa a riƙa sallamar wanda ke hutu, ko da rabin abin da yake samu ne. Wannan shi ne wurin da za a yi gardama, kuma nan ne shugabannin Kudu da Arewa da Guramada ya kamata su haɗa baki, domin ba gidan da zai buɗe in sun ƙi fitowa. Sauran abubuwan, raba nauyi, da hana ƙananan yara karawa da manya, da ma'aikacin lafiyar da ma'aikatar wasanni ta jiha ke biya ba mai gida ba, za su biyo baya in an kafa wannan. Sarakunan fawa da hakimai a Anka da Gummi da Bukkuyum suna da ta cewa, tunda yaransu ne ke cika filayen birane, kuma gida ake dawo da su in sun lalace.

Mai kallo ma yana da nasa. In an kashe mutum ya tashi yana amai, ko ciwon kansa yana ƙaruwa, ko barci mai nauyi yana fizgarsa, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗaya girma, wannan ba na ruwan sanyi da hayaƙi ba ne. Mai yiwuwa jini ne ke zuba a cikin ƙoƙon kai, kuma yana iya kashewa kafin asuba ko da mutum ya yi magana ya ci abinci. Daga yammacin Zamfara, aikin tiyatar ƙwaƙwalwa yawanci sai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar sa'o'i a hanyar da ba a son bi da dare. Don haka kada a jira a ga yadda zai kwana. A ɗauke shi a kai asibiti mafi kusa tun da sauran rana.